Ƙungiyar ƙwallon da aka kafa don tallar karnuka

Yau Amurka za mu leƙa, shekarar 1922, kan ƙwallonsu ɗin nan da ake runguma a ruga da ita a guje.

A jihar Ohio akwai wani ƙauye, LaRue, mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. A nan wani ɗan kasuwa, Walter Lingo, yake kiwon karnuka irin Airedale yana sayarwa. Sai ya biya dala 100 ya sayi gurbi a gasar NFL, ya sa wa ƙungiyar suna Oorang Indians, wato sunan gidan karnukansa. Ku ji fa, kuɗin gurbin bai kai kuɗin karensa guda ba.

Wa ya ɗauko ya jagorance ta? Jim Thorpe, wanda ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, aka ƙwace su a 1913 wai don ya taɓa karɓar kuɗi a wasan besbol. Shi ne koci, shi ne ɗan wasa. Kuma duk 'yan ƙungiyar 'yan asalin Amurka ne, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne hutun rabin lokaci. Sauran ƙungiyoyi su tafi su huta, su kuwa sai su fito da karnuka suna nuna ƙwarewarsu, su sa kayan gargajiya su yi rawa, su yi jifa da gatari. Har kokawa da dabbar beyar ɗayansu, Nick Lassa, yake yi. Ni a ganina Lingo bai damu da a ci wasa ko a sha kashi ba, idon 'yan kallo yake so. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa, ga shi al'adarsu ta koma kayan talla, alhali a cikinsu akwai gwanaye na gaske: Thorpe da Joe Guyon duk suna cikin zauren karrama gwarazan wasan.

LaRue ko filin wasa babu, don haka kusan kullum suna kan hanya. Kaka biyu suka buga, wasa 20, suka ci 4 kacal. Da mutane suka gaji da kallon abu ɗaya, Lingo ya janye kuɗinsa bayan kakar 1923, ya koma wa karnukansa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.