Tsohon Allon Sanarwa a Cikin Sabuwar Kwamfuta

A watan Janairu na shekarar 1978 dusar ƙanƙara ta lulluɓe birnin Cikago na ƙasar Amurka har ta hana jama'a fita neman abinci. A cikin wannan zaman dole ne wasu abokai biyu, Ward Christensen da Randy Suess, suka ƙudurci haɗa wata kwamfuta wadda za a riƙa kira ta layin tarho a bar mata saƙo, tamkar yadda 'yan ƙungiyarsu ke liƙa takarda a allon sanarwa. Christensen ya rubuta manhajar, Suess kuwa ya harhaɗa ƙarafan. Ranar 16 ga Fabrairu, 1978 ake ɗauka a matsayin ranar da ta fara aiki da sunan CBBS, kuma daga gare ta ne tsarin da aka fi sani da BBS ya samo asali.

Ya kamata mu fahimci yadda abin yake tun farko. Mai allo yakan ajiye kwamfutarsa a ɗaka, ya haɗa ta da layin tarho ta hanyar wata na'ura da ake kira modem. Galibi layi ɗaya ne, saboda haka baƙo ɗaya ke shiga a lokaci guda, saura su yi ta bugawa suna tarar da layi a cike. Modem na farko-farko ba ya wuce haruffa kimanin 30 a daƙiƙa, wato mutum na iya karanta rubutu yana sauka. Kiran nesa kuma akwai tsada, don haka akasarin masu shiga allo 'yan gari ɗaya ne. A 1984 Tom Jennings ya ƙirƙiro FidoNet, inda alluna ke kiran junansu da tsakar dare, lokacin da kuɗin waya ke da sauƙi, su miƙa wa juna wasiƙu. A wancan zamani Afirka ce shiyya ta 5 a wannan tsari, kuma a farkon shekarun 1990 ƙungiyoyi da dama a nahiyarmu ta nan suka riƙa aika wasiƙun kwamfuta, suna bi ta GreenNet da ke Landan. Da intanet ta bazu a tsakiyar shekarun 1990 sai kasuwar ta watse. Kamfanin da ke yin PCBoard, ɗaya daga cikin fitattun manhajojin, ya durƙushe a 1997.

To, ina aka kwana game da manhajojin kansu? Yawancinsu, irin su PCBoard da Wildcat! da Renegade, don DOS aka rubuta su, Windows mai bit 64 kuwa ba ta karɓar irinsu. Mafitar da masu sha'awa suka samu ita ce gina kwamfutar kwaikwayo, wato manhaja wadda ke kwaikwayon cikakkiyar kwamfuta a cikin wata kwamfutar. QEMU, wadda Fabrice Bellard ya fitar a 2003, da VirtualBox suna wannan aiki. A cikinsu sai a girka MS-DOS ko FreeDOS, sannan a ɗora tsohon allon. Wasu sun fi son DOSBox, mai zuwa da nata DOS ɗin.

A nan ne, a ganinmu, labarin ya fi armashi, domin aikin kusan duka yaudara ce. Allon bai san intanet ba, modem kawai ya sani. Saboda haka akan sanya wata ƙaramar manhaja a tsakani, idan baƙo ya shigo ta intanet sai ta ce wa allon RING, shi kuma ya ba da umurnin ɗaukar waya, ta amsa masa da CONNECT, alhali babu waya babu ƙararrawa. Sai kuma matsalar sauri. Manhajoji da yawa da aka rubuta da Turbo Pascal sukan auna gudun kwamfuta idan an tashe su. Idan gudun ya zarce kimanin megahaz 200 sai lissafin ya ɓaci, su faɗi nan take da kuskure mai lamba 200. Dole a yi musu faci, ko a daure wa kwamfutar kwaikwayon ƙafa ta riƙa tafiyar hawainiya. Wasu kuma lamba biyu suka ware wa shekara, shi ya sa shigowar 2000 ta rikita musu kalanda, har wasu masu allo kan mayar da agogo baya don a zauna lafiya.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya haɗa ɗalibin adabi da wannan wahala? Abin da ya taru a waɗannan alluna rubutu ne: gardama, zambo, waƙe, labaran da ake ƙagawa hannu da hannu, da zanen da ake yi da haruffa a fili mai layi 25 da gurbi 80. Jason Scott ya fara tattara irin waɗannan rubuce-rubuce a textfiles.com tun 1998, ya kuma fitar da fim kan tarihin BBS a 2005. Amma saƙon da aka zare shi kaɗai ya yi kama da tatsuniyar da aka kwafe a takarda, babu muryar gwaggo. Manhajoji da dama suna da tsarinsu na ajiye saƙonni, kuma a cikinsu ne ake ganin wa ya tanka wa wa, da yadda allon ke tarbar baƙo. Wanda ya tashi manhajar ya dawo mana da wani ɓangare na wannan.

Ɓangare ne kawai, ba mu ce duka ba. Suess ya rasu a 2019, Christensen a 2024, kuma maƙwabtakar da tsadar waya ta haifar ba ta kwaikwayuwa: mai shiga allon yau yana iya kasancewa a kowace nahiya. Manhajar dai ba ta san an yi wannan sauyi ba. Har yanzu takan ware wa baƙo mintunansa na yini, talatin ko sittin, ta riƙa nuna masa abin da ya rage, idan sun cika ta sallame shi domin ta ba na baya wuri, ko da babu kowa da ke jira.