Sawakin: Tsibirin Da Ya San Sawun Kakanninmu

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Makoɗa, ba wuya ka tarar da gidan da ake cewa, "Kakanmu ya tafi gabas, bai dawo ba." Mu da muka tashi tsakanin gero da dawa, nesa da teku, ya kamata mu san inda wannan gabas ɗin take ƙarewa. Ga da yawansu, ƙarshen ƙasa shi ne Sawakin, wani ɗan tsibiri a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, kudu da Fot Sudan.

Tsibirin ɗan mitsitsi ne, yana cikin wani lungun teku, an gina gidajensa da dutsen murjani da ake haƙowa daga ruwa. Turkawan Usmaniyya sun riƙe shi tun ƙarni na 16, suka miƙa wa Masar a 1865. Daga nan alhazai suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Manomin Kano kuwa, sai ya sayar da amfanin gona, ya raba gado tun yana raye, ya yi ban-kwana da dangi. Ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, a ƙafa ko bisa jaki. Ayarin ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Nilu. Guzuri in ya ƙare, sai a tsaya ƙwadago, musamman tsinkar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925. Haka tafiya takan ci shekaru, wasu su mutu a hanya, wasu su zama 'yan takari.

Shi ma tsibirin bai tsira ba. Da Turawan Ingila suka buɗe tashar Fot Sudan a 1909 domin manyan jirage, fatake suka kwashe, benayen murjani suka rinƙa zubewa. Daga baya jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta 'yan sa'o'i daga Kano.

To, 'yan'uwa marubuta, ina littafinmu a kan wannan hanya? Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin matafiyan suna ƙarewa. Mu ɗauki biro da takarda mu zauna gabansu tun da sauran rana, mu tambayi sunan wanda ya tafi, da zangon da aka yi masa ganin ƙarshe.