Maki ko hali: yadda Harvard ta riƙa sauya ma'auninta

A nan Nijar mun saba da cewa jarrabawar BAC ita ce ƙofar jami'a. Manyan jami'o'in Amurka kuwa suna duba maki, sannan su ƙara da wasiƙun malamai, da rubutun ɗalibi game da kansa, da abin da suke kira "hali". Wannan tsari yana da asali, kuma asalin ba shi da daɗin ji.

A farkon ƙarni na 20, wanda ya ci jarrabawar shiga Harvard, ya kuma iya biyan kuɗi, yakan samu wuri. Sai ƴaƴan Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai suka fara cin jarrabawar da yawa. A 1900 kusan kashi 7 cikin 100 na sabbin ɗalibai ne, a 1922 sun zarce kashi 21. Shugaban jami'ar, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawansu a fili, amma kwamitin da aka kafa ya ƙi a 1923. Sai aka biyo ta bayan gida. A 1926 aka taƙaita yawan sabbin ɗalibai, aka ba wa wasiƙun shaida da hali nauyi. Da yake babu mai iya ƙirga hali, masu zaɓe suka samu damar tace wanda suke so. Kafin Lowell ya sauka a 1933, kason Yahudawa ya koma wajen kashi 15, kamar yadda Jerome Karabel ya nuna a littafinsa The Chosen.

Wanda ya gaji Lowell, James Conant, ya juya akalar. Daga 1934 ya yi amfani da jarrabawar SAT, wadda Carl Brigham ya ƙirƙiro a 1926, domin zaƙulo haziƙan yara daga jihohi masu nisa ya ba su tallafin karatu. A wannan karon maki ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da uwa a gindin murhu.

Daga baya aka riƙa sukar SAT da cewa ƴaƴan masu kuɗi sun fi cin ta. A 2020, lokacin korona, yawancin manyan jami'o'i suka daina tilasta ta. MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Harvard a 2024. Hujjar Dartmouth ita ce wasu ƴaƴan talakawa suna ɓoye makin da zai iya taimaka musu su shiga.

Shi ma hali ya sake jawo rigima. A shari'ar da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuni 2023, masu ƙara sun nuna cewa Harvard tana ba ƴan asalin Asiya makin hali ƙasa da na sauran.

Maki yana da illa, tunda ɗan mai kuɗi yana da malamin gida. Amma wanda aka zalunta a maki zai iya neman a sake duba takardarsa. Wanda aka ce halinsa bai kai ba, wace takarda zai nuna?