Abdu Mumuni Dioffo, ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Duk wanda ya yi karatu a Yamai ya san sunan Jami'ar Abdu Mumuni, amma kaɗan ne suka san mai sunan.

An haife shi a Tasawa a 1929. Daga makarantar William Ponty ta Senegal ya wuce Faris, kuma a 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsauri da Faransa ke tace manyan malamai da ita, a fannin fiziks. Mai irin wannan takarda a lokacin, da ya so zama a Turai, da kujera na jiransa. Sai ya juyo gida Afirka ya kama alli, ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya zaɓi fagen bincikensa. A lokacin ƙasarsa ba ta da kuɗin sayen manyan na'urori, ba ta da teku, man fetur kuwa sai an yi dakonsa daga nesa. Rana fa? Tana nan tana gasa kowa kyauta. Ita ya runguma. Ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙaro ilimin makamashin rana, ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Bamako a 1964, sannan a 1969 ya dawo Yamai ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL. A can ba rubutun takardu kawai ake yi ba. Ana yanka ƙarfe da gilashi, ana walda, ana harhaɗa tankin ɗumama ruwa, da na'urar tace ruwa, da murhun da ke tara zafin rana a gindin tukunya ba ice ba gawayi. Ku tuna, lokacin fari na cin Sahel, itatuwa na ƙarewa.

Littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya dage a kan a koyar da yara da harsunansu na gida. Ya kuma riƙe jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansa.

Yau faifan sola ya cika kasuwannin Maraɗi da Kano, kusan duk daga Sin ake shigo da shi. Ɗalibanmu na kimiyya, kafin ku ce babu kayan aiki, ku nemi tarihin mutumin nan ku karanta.