Narambaɗa da Mutanensa

Ku 'yan makarantar Birnin Kebbi da Argungu, in kun tsaya bakin Gulbin Rima, ku sani ruwan nan ya biyo ta ƙasar Isa kafin ya iso muku. A can ne Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi zamaninsa, yana makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Da kiɗan noma ya fara, sa'an nan ya koma fada da kotso. Ya rasu a farkon shekarun 1960.

Mutane kan ce waƙar Narambaɗa, sai ka ce shi kaɗai ya yi ta. Ba haka ba ne. Makaɗin fada shugaban ƙungiya ne. Yana da masu kotso, watau ɗan gangan nan mai baki guda da a ke ratayawa a kafaɗa a buga da hannu. Yana da sanƙira mai kirari. Yana kuma da 'yan amshi, waɗanda su ne littafinsa, gama ba a rubuta waƙar. Shi ya kan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi, su karɓe su ƙarasa, su komo da shi kan gindi ba tare da an ji gurbi ba. In ɗan amshi guda ya yi fushi ya tafi, ya tafi da wani sashe na waƙar a kansa. Saboda haka tilas shugaba ya iya raba kyauta da adalci, ko doki ne ko riga, ya iya riƙon mutane shekara da shekaru. Mai jin Bakandamiya ya saurara wa karɓin da kyau, zai ji aikin mutanen da suka daɗe tare.

A Amurka ma, cikin wannan zamani, an yi irin wannan shugaba, sunansa Duke Ellington, baƙar fata, an haife shi a 1899. Ƙungiyarsa ta masu busa ƙaho da kiɗa ce, mutum goma sha wani abu, kuma ya kan tsara kiɗa ne gwargwadon bakin kowane mabushi nasa. Ɗayansu, Harry Carney, ya shigo a 1927, bai rabu da shi ba har Ellington ya rasu a 1974, sa'an nan ɗansa Mercer ya ɗauki ƙungiyar. Ku kun san irin wannan gado a gida: Aliyu Ɗandawo ya yi wa sarakunan Kabi waƙa a Argungu, ya koma Yawuri, ɗansa Sani ya gaje shi.

Amma ga inda aka bambanta. Ellington ya bar takardu da faifai masu ɗimbin yawa, an san wanda ya busa kowane ƙaho. Na Narambaɗa kuwa, abin da ya rage sai wanda na'ura ta ɗauka da wanda tsofaffi suka riƙe. Da can wasu 'yan boko sun raina sana'ar, suna cewa roƙo ne. Yau ga shi ana karanta waƙoƙinsa a jami'o'i, har Jami'ar Bayero ta Kano ta yi babban taro a kansa a 2019. Su 'yan amshin nan fa, waɗanda muryoyinsu ke cikin kowane faifai, 'yan kaɗan ne a cikin masu sauraro za su iya kawo sunan ko guda.