Birni ko Zango? Tarihin Zaɓen Unguwa a Damagaram

Duk mutumin Dawce da ya ɗaura niyyar komawa Damagaram da zama, ko malamin makaranta ne da aka yi wa canjin wurin aiki, ko ɗan kasuwa, tambayar farko da zai sha ita ce: a wace unguwa za ka sauka? Wannan tambaya ba ta yau ba ce, ta girmi zuwan Nasara.

A ƙarni na 19 gari biyu ne ke fuskantar juna. Akwai Birni, inda fadar sarki take, wanda Sarki Tanimun, da ya rasu a 1884, ya kewaye da ganuwa. Mazauninsa yana da kariya ranar yaƙi da kusanci da fada, amma idon sarki da na dogarai yana kansa dare da rana. Daga arewa kuma akwai Zango, masaukin ayarin Buzaye da fataken Hausawa da Larabawan da ke zuwa daga Gadamas da Tarabulus. Nan dukiya take, nan attajirai irin su Malam Yaro suka gina gidajensu, sai dai babu ganuwar da za ta tsare su. Saboda haka baƙon wancan zamani yakan auna abu biyu: tsaro da ciniki. Mai masaukinsa ne ke yi masa wannan awo, domin shi ya san garin.

Da Faransawa suka kama garin a 1899, sai ma'auni ya canza. Sun kafa bariki da ofisoshi, sabuwar unguwa ta tashi tsakanin tsofaffin biyu, aka yanka filaye a jere da tituna miƙaƙƙu. Daga 1911 Damagaram ce hedkwatar mulkinsu a ƙasar, har 1926 da suka mayar da ita Yamai. Cikin dalilan ƙaurar akwai ƙarancin ruwa, domin garin a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta cika yin albarka ba. Wato su kansu masu mulki sun kwatanta wuri da wuri, suka zaɓi bakin kogi.

Wannan matsala ita ce ta zama ma'auni na uku, kuma ta fi sauran daɗewa. Ruwan da garin ke sha daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza. Unguwar da famfo bai isa ba, ko yake yawan ɗaukewa da bazara, ƴan garuwa ne madogararta, kuma kuɗinsu na hawa daidai lokacin da zafi ya tsananta. Haka nan ba kowa ke da zaɓi ba: Kara-Kara ta faro ne a matsayin wurin da aka keɓe masu cutar kuturta a gefen gari, daga baya talakawa suka cika ta saboda sauƙin wurin zama.

To, me wannan tarihi ke koya wa mai shirin tashi daga Dawce? Kuɗin haya kaɗai ba shi ne tsadar gida ba. Ɗaki mai rahusa a bakin gari kan cinye ribarsa a kuɗin ruwa da na kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole ko wurin aiki. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Birni da Zango kuwa suna da kusanci da maƙwabtaka mai ƙarfi, amma lungunansu ƙuntatattu ne, gidajen laka kuma suna neman yaɓe kowace damina.

Kafin a ɗora kaya a mota, a nemi ɗan gari amintacce kamar yadda fatake ke neman mai masauki, a kuma ziyarci unguwar a watan Afrilu, lokacin da ruwa ke faɗin gaskiyar kowane wuri.