Tankar Da Ta Ƙi Tsufa: Tarihin Centurion

A hutun da ya wuce na bar birnin da nake karatun digiri na biyu, na je gidan adana tankokin yaƙi da ke Bovington a kudancin Ingila. Abin da ya tsayar da ni a can wata tanka ce mai suna Centurion, domin ta tuna mini da wani kawuna makanike a gida, wanda yakan ce idan gangar mota lafiya lau take, sauran duk abin sayowa ne.

An ƙera Centurion ne domin Yaƙin Duniya na Biyu, amma ta makara. Guda 6 na gwaji da aka tura Jamus a watan Mayu na 1945 sun tarar an gama yaƙin. Sai a Yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, ta yi suna wajen hawa duwatsu. To amma tana da babban aibi. Injinta, Meteor, na fetur ne, daga injin jirgin sama aka samo shi, ga shan mai kamar me. Abin har ya kai aka riƙa ɗaura mata tirela mai taya ɗaya a baya don ƙarin mai. Mai karatu ya auna sojan da ke jan tankin fetur a bayansa a fagen daga!

Wata kwaskwarima mai muhimmanci tsoro ne ya kawo ta. A lokacin boren Hungary na 1956, masu boren sun tuƙa wata tankar Tarayyar Sobiyet ƙirar T-54 zuwa harabar ofishin jakadancin Birtaniya a Budapest. Da Turawan Ingila suka duba kaurin sulkenta, sai hankalinsu ya tashi, don sun ga igwarsu mai faɗin milimita 84 da wuya ta huda shi. Maimakon su zubar da tankokinsu, sai suka ƙera sabuwar igwa, L7, mai milimita 105, wadda suka auna ta yadda za ta zauna daidai a mazaunin tsohuwar. Daga 1959 aka shiga cire waccan ana saka wannan.

Waɗanda suka fi kowa yi mata garambawul su ne Isra'ilawa, kuma wannan magana ce ta tarihi, ko da ra'ayin mutum a kansu ya sha bamban. Sun ga injin fetur ba ya jure ƙura da zafin hamada, sai wajajen 1970 suka cire shi suka sa injin dizal na Amurka, ƙirar Continental, tare da sabuwar giya ta Allison. Sai da suka ɗaga rufin bayan tankar kafin injin ya shiga. Suka raɗa mata suna Sho't Kal. A Oktoban 1973, a tuddan Golan, tankokinsu da ba su kai 200 ba suka fuskanci na Siriya fiye da 1,000, ƙirar T-55 da T-62, waɗanda suka girme su a sabunta. Wani ƙaramin abu ya taimaka musu ainun, wato bakin igwar Centurion yana sunkuyawa ƙasa fiye da na tankokin Rasha, don haka takan laɓe bayan tudu ta leƙo da kanta kawai ta yi harbi.

Afirka ta Kudu ma, da takunkumin makamai ya matse gwamnatin wariyar launin fata, tsofaffin Centurion ta gyara ta kira su Olifant, wato giwa, ta kai su Angola a 1987 da 1988. Alhali tun 1962 aka daina ƙera tankar a Ingila.

A ganina sirrin biyu ne. Masu zanen farko sun bar sarari a cikinta, ta yadda za ta ɗauki babbar igwa da ƙarin sulke. Na biyun kuwa, wanda ya fi damuna, ƙasashen da suka ci moriyarta suna da garejin soja da makanikai da kayan gyara na kansu.

Na ce ya dame ni ne saboda zancen ya shafe mu. Tankokin Vickers Mk 3 da Nijeriya ta saya daga Birtaniya a shekarun 1980 igwar nan ta L7 ce a kansu. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani a 2014, sojoji na ta kukan rashin kayan aiki, sai aka garzaya gabashin Turai aka sayo T-72 na hannu, sannan a 2020 aka kawo VT-4 daga Sin. Ban ce kada a sayi sabo ba, wani lokacin dole ne. Amma kowace daga cikinsu da nata injin da nata kayan gyaran, kuma harsashin milimita 125 na T-72 ba ya shiga igwar Vickers. Da na yi wa kawuna wannan bayani a waya, shiru ya yi, sannan ya tambaye ni makanikai nawa aka tura koyon gyaransu.